Faifan Inna a Bakin Kofi

A ƙarshen tsakar gidanmu na Badarawa akwai wani sito, ɗaki ƙarami mai rufin kwano, ba silin, ba taga sai 'yar kafa can sama da aka toshe da raga saboda ɓeraye. Nan mahaifiyata, wadda muke kira Inna, take ajiye buhun gero da na masara da jarkar manja, da kwanukan aurenta da ba ta yarda kowa ya taɓa. Idan bazara ta kai tsakiya ka shiga ɗakin nan da rana, kafin ka ɗebo abin da ya kai ka gumi ya gama jiƙa ka. Ƙannena har faɗa suke yi a kan wanda za a aika can. Ni kuwa a shekarar da nake ba da labari, zafin siton nan nake nema ruwa a jallo.

Lokacin ina shekara ta uku a karatun digiri na biyu, fannin fiziks. Karatun shekara biyu ne, amma yau ba wuta, gobe ba kayan aiki, har wa'adin da makaranta ta ba ni ya kusa cika. Aikin da malamina ya ba ni a kan wani abu ne da ake kira ofal. Dutse ne mai daraja, wanda idan ka juya shi a haske sai ya yi ta sauya launi, alhali babu rini a cikinsa ko ɗigo. Ƙwayoyi ne ƙanana masu girma ɗaya suka jeru a cikinsa sahu-sahu, hawa kan hawa, haske ya shiga tsakaninsu ya fito da launi. Ni har yau ban taɓa riƙe na gaskiyar a hannuna ba. Namu haɗawa muke yi a ɗakin gwaji daga silika, wato dangin yashi, ƙwayoyin da ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya. Idan suna cikin ruwa ba abin da za ka kira su sai farau-farau.

Yadda ake jera su ba wuyar faɗa. Za ka wanke ɗan fallen gilashi mai tsawon yatsa har sai ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo a kansa. Ka tsayar da shi a cikin dogon kofin gilas, ka zuba ruwan ƙwayoyin, ka ajiye a wuri mai ɗumi, sai ka ɗauke hannunka. Ruwan yana ƙafewa yana sauka a hankali, a daidai bakinsa kuma, inda ya ɗan ɗafe jikin gilashin, ƙwayoyin ke taruwa suna jera kansu suna mannewa. Bayan kwana shida sai ka ciro gilashin da wata fata a kansa, wadda ɓawon albasa ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ni hawa biyu aka ce in yi. Na farko da ƙananan ƙwayoyi masu ba da kore, in ya bushe sosai in sake tsoma shi a ruwan waɗanda suka ɗan fi girma, masu ba da ja. Abu biyu kawai aikin ba ya so, a girgiza kofin, ko a hana ruwan shan iska.

Ana cikin haka malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka ce za a garƙame ɗakin gwajin. Ranar rufewa malamina ya kira ni ofishinsa, ya miƙo min kwalabe biyu naɗe a tsohuwar jarida, da kofi, da fallayen gilashi. Dattijo ne mai magana a hankali, ba ya son maimaita abu sau biyu.

Ya ce, "Iyakar abin da muka haɗa ke nan. Sinadarin ya ƙare, kafin a kawo wani daga waje sai wata da watanni. Kwalbar ƙananan za ta yi miki gwaji huɗu, ba ƙari. Da an buɗe makaranta mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a. In akwai abin nuna masa, kin gama. In babu, wa'adinki ya cika, ni kuma ba abin da zan iya yi miki."

Na ce, "Malam, ina zan samu na'urar ɗumamawa a gida?"

Ya ce, "Muna tsakiyar bazara a Kaduna kina neman na'ura? Ki nemi ɗakin da ya fi kowanne zafi a gidanku."

Dole in faɗi yadda muke da Inna, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Ni ce 'yar fari. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" in ina kusa, "yarinyar nan" in tana maganata da wani. Ba ta yabona, ba ta tambayar me nake karantawa. Ranar da na gama digiri na farko na shigo ina rawar jiki da takarda a hannu, abin da ta ce min shi ne in duba tukunya kada wake ya kama. Na san kunya ce irin ta iyayenmu, kowa ma ya sani, amma sanin bai hana ni jin zafi ba. Babanmu ne mai tambaya. Ma'aikacin gwamnati ne da yake son a yi masa bayanin komai dalla-dalla har mai bayanin ya gaji, shi kuwa ya rasu ina aji biyu a jami'a. Daga nan ni ma na ɗauki nawa girman kan, na daina kawo zancen karatuna a gida.

Saboda haka da na share lungu ɗaya a siton na ɗora kofina a kan wani tsohon benci, bayanin da na yi wa mutanen gidan bai taka kara ya karya ba. Na ce kada kowa ya taɓa kofin, kada kowa ya motsa bencin. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "To, an ji. Kunun aljanu ne?"

Ƙannena suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don ina da saurin hawa, kuma duk gidan an san ni da haka.

Sau uku nake leƙawa kullum, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. In tura ƙofar a hankali, in tsuguna nesa da bencin ina riƙe numfashi, in duba inda ruwan ya sauka. Ban san me ya sa ba, na ƙaunaci zaman nan. Warin gero da manja, rana tana ratsowa ta 'yar kafar sama, daga waje ana jiyo ƙarar muciyar Inna a tukunya da rediyon maƙwabta. Na lura ruwan ba ya sauka da saurin da na lissafa, amma na ce ai ɗaki ba na'ura ba ne.

Rana ta shida na ciro gilashin, na bari ya bushe, na fito da shi tsakar gida na karkata shi a rana. Kore ya bayyana, kore mai sheƙi, har na fara murna. Sai na ƙara dubawa. Layuka ne suka gitta shi daga gefe zuwa gefe, farare masu kauri, kamar layin littafin rubutu. Ƙarƙashin kowane layi launin ya koɗe kafin ya sake ɗaukowa. Irin wannan ba a nuna wa mai jarrabawa, domin abin da ake so shi ne shimfiɗa ɗaya sumul daga sama har ƙasa.

Nan take na samu mai laifi. A bayan katangarmu akwai wani mai injin markaɗe, wanda in ya tayar da injinsa har cokulan madafa sai sun amsa. Na yafa mayafi na zagaya na same shi, mata sun yi layi da robobin tumatir da na wake, na hau yi masa bayanin girgiza. Ya saurare ni har na gama, sannan ya goge hannu a rigarsa.

Ya ce, "Hajiya, injin nan ya girme ki a layin nan. In kofinki ba ya son ƙara, ki kai shi ƙauye."

Matan suka yi ta dariya, na dawo gida ina huci. Na cika baho da yashi, na ɗora a kan yankin tsohuwar katifa, na dasa kofin a tsakiya, na zuba kaso na biyu. Kwana shida na sake jira. Da na ciro, layukan nan suna nan daram, sun ma fi na farko fitowa. Na kira malamina a waya.

Ya ce, "Layi nawa?"

Na ce biyar.

"Dare nawa ya kwana?"

Na ce biyar.

Ya ce, "To ba inji ba ne. Inji yini yake yi yana tashi yana mutuwa. Wannan abu ne da ke faruwa sau ɗaya kowace rana, yana tsayar da ƙafewar. Ruwa in ya tsaya wuri ɗaya ƙwayoyi su taru su yi layi, sauran kuma su kwanta ƙasa. Ki nemo shi kafin ki ƙarar da kwalbar."

Na ce sanyin asuba ne. Na naɗe bahon da tsohon bargo, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na zuba kaso na uku. Saura ɗaya ke nan a kwalba.

A rana ta uku ni ke girki. An idar da sallar magariba, Inna tana kan sallaya tana jan carbi, manja ya ƙare min a madafa. Na ɗauki tocila na nufi sito, abin da ban saba yi ba a wannan lokacin, don na hana kaina yawan buɗe ƙofar. Ina haskawa na ga faifai a bakin kofina. Ƙaramin faifan nan ne mai bakin ja da kore, wanda ake rufe wa Baba kwanon fura da shi yana da rai. An ɗora shi daidai wa daida, ko ɗan karkacewa bai yi ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne tun ina yarinya nake ganin Inna tana wannan zagayen. Da an kira magariba sai ta bi gidan kaf, randa, tukunya, kwanon gishiri, har kofin da wani ya sha ruwa ya rage, ta rufe kowanne tana bismillah. Haka aka koya musu tun suna yara a Zariya, cewa ba a barin mazubi ya kwana baki buɗe, don ba ka san abin da ke sauka a cikinsa ba. Da asuba in ta shiga ɗebo geron koko sai ta ɗauke, kafin in tashi. Abu ne da idona ya saba da shi har ya daina ganinsa, shi ya sa na zargi inji, na zargi sanyi, ban kawo shi a raina ba.

Na fito da faifan a hannu na tsaya a kanta.

"Inna, ke ce kike rufe min kofi?"

Ta ƙarasa abin da take karantawa, ta shafa, sannan ta ce, "Ni ce. Kin ce kada a taɓa, ban taɓa ba. Kin ce kada a motsa, ban motsa ba. A hankali nake ɗorawa."

"To ai ba koko ba ne, Inna! Abin da ba ki sani ba ki bar shi mana. Shekara uku nake wahala, kin zubar min da ita da faifai!"

A gidanmu ba a taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ko Baba bai yi ba. Ta dube ni, sannan ta dubi faifan, ta ce a hankali, "Na ga abinki ne mai muhimmanci, shi ya sa ban so ya kwana a buɗe ba." Ta naɗe sallayarta ta shige ɗaki. Ni kuma maimakon in bi ta, sai na koma sito na zaro gilashin da ke cikin kofin, na haɗa da biyun farko, na watsa su a kwandon shara na bakin madafa. Manjan da na je ɗebowa ƙanwata ce ta ƙarasa girkin da shi.

Magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye na san abin da na yi, kuma ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan. Da safe na same ta a gindin bishiyar gwaiba tana tsintar wake, na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ba ta ɗago ba. Ban tashi ba. Sai na jawo faifan da ke gefenta, na ɗebi waken na zuba, na karkata shi har ƙwayoyin suka gangaro suka jeru a gefe guda. Na ce haka nawa suke yi a jikin gilashi, amma sai ruwan ya ƙafe a hankali, dare da rana, ba tsayawa. In aka rufe, iska ba ta ɗaukar ruwan, sai su cunkushe wuri ɗaya. Na gaya mata maganar launi, cewa ba rini, jerin ne kawai. Na gaya mata saura kaso ɗaya, da abin da zai faru in shi ma ya lalace. Tunda na shiga jami'a ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan a kan karatuna ba.

Ta daɗe tana kallon waken. Ta ce, "Ashe su ma sahu suke yi." Can kuma ta ce, "To ai da kin faɗa."

Ba faɗa ta yi min ba, amma maganar nan ta fi min mari ciwo.

Ranar na wanke gilashi na huɗu har yatsuna suka yi fari, na juye kwalbar har ɗigon ƙarshe. Da aka kira magariba ban yarda da kowa ba, na je na tsaya a ƙofar sito kamar mai gadi. Na ga Inna ta yi zagayenta, ta rufe randa, ta rufe tukwane, sannan ta nufo ni. Ba faifai a hannunta. Tsinke ne guda ɗaya, siriri, da ta zaro daga sabuwar tsintsiya ta wanke.

Ta ce, "Malaminmu ya ce in babu murfi, ko tsinke ne a gitta a baki, a yi bismillah, ya wadatar. Wannan zai hana shi shan iskar?"

Na dubi tsinken. Na so in ce a bar shi kawai, amma na ga fuskarta, na gane in kofin nan ya kwana haka ita ba za ta runtsa ba. Kuma a gaskiya tsinke ɗaya ba abin da zai tare.

Na ce, "Ba zai hana ba, Inna. Amma kada ki taɓa bakin da ƙarfi."

Ta ce, "Ke, ni da nake ɗauke tukunyar tuwo daga wuta ba ta tangaɗi?"

Muka shiga tare. Na haska mata, ta tsuguna, ta riƙe numfashi yadda ta ga ina yi, ta gitta tsinken a bakin kofin. Ko ɗan motsi ruwan bai yi ba. Ta yi bismillah a ciki-ciki, ta miƙe tana dafa gwiwa. Haka muka yi kullum, kwana shida na hawan farko, kwana shida na hawa na biyu. Ba ma wata hira. Wani lokaci ta ce, "Yau ya sauka da yawa," in ce e, rana ta yi zafi. Wani lokaci kuma sai ƙarar takalmanmu a siminti kawai. Duk rayuwata ba na jin akwai kwanakin da na fi kusa da ita kamar waɗannan sha biyun, kuma a lokacin hankalina yana kan kofi.

Gilashin ya fito sumul, ba layi ko ɗaya. In ka riƙe shi kai tsaye ja ne mai duhu, ka ɗan karkata ya koma kore, kamar wuyan tattabara. Da rana na ciro shi, Inna ta tafi barka a Unguwar Dosa. Tsoron kada wani abu ya same shi ya sa nan da nan na sa shi a wani ɗan akwati na liƙe da salatif, na ɓoye a ƙasan kayana. Da ta dawo na ce mata ya yi. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta wuce ɗora tukunya. Ba ta ce in nuna mata ba, ni kuma na ce a raina ai dama ba ruwanta da shi. Da aka buɗe makaranta na kai shi, mai jarrabawa ya juya shi a bakin taga ya jinjina kai, na ci. Aka sa masa lamba aka ajiye a ma'ajiyar sashe. Inna ba ta taɓa ganinsa ba.

Bayan shekara huɗu ta rasu, cikin damina, bayan gajeruwar jinya. Lokacin na yi aure, ina koyarwa a sashen da na yi karatu. Da aka share makoki aka zo raba kayanta, ni da ƙanwarta da ke zaune a Rigasa, wadda muke kira Iya, muka shiga siton. Benci yana nan, bahon yashin ma yana nan an mayar da shi mazubin gawayi. Muka sauko da kwanukan aurenta ɗaya bayan ɗaya. A cikin babbar kwalla akwai ƙarama, a cikin ƙaramar akwai gwangwanin alewa, irin wanda take ajiye 'yan kunnenta na gwal. Na buɗe ina zaton su ne. Auduga ce shimfiɗe, a kanta fallen gilashi.

Tun kafin in ɗaga shi na gane shi. Na biyun ne, mai layi biyar, cikin waɗanda na watsar a shara. Sauran tabbas sun fashe, wannan ne ya tsira. A kusurwa ɗaya launin ya goge, domin fatar nan ba ta jure taɓi, kuma gogewar daidai faɗin babban yatsa ce.

Iya ta leƙo ta ce, "Au, madubin yayata! Ashe nan take ɓoye shi."

Na ce, "Iya, kin san shi?"

Ta ce, "Wa bai san shi ba? In mun zo ba kya nan, sai ta fito da shi ta kai mu tsakiyar rana, ta ce mu tsaya nan, ta riƙa juya shi. Ta ce aikin yarinyar nan ne, kuma wai ba rini a ciki, ƙwayoyi ne suka yi sahu. Har Rigasa ta taɓa kai shi, ranar sunan jikata, ta nuna wa mata a bayan ɗaki. Ba ta bari kowa ya riƙe."

Iya ta karɓi gwangwanin ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta karkata shi, koren ya taso tsakanin layukan.

Ta ce, "Na taɓa tambayarta, waɗannan layukan fa, ado ne? Sai ta yi dariya ta ce, a'a, wannan kuma nawa aikin ne."

Nan na zauna a kan buhun gero na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

An sayar da gidan Badarawa, wanda ya saya ya rushe siton ya yi shago. Yanzu a ɗakin gwajinmu akwai na'urar da ke riƙe zafi daidai dare da rana, ɗalibaina suna fitar da hawa uku, hawa huɗu, sumul, ba wanda ya taɓa jin warin manja yana aiki. Na kirkin da na yi yana can ma'ajiyar sashe, ban taɓa zuwa duba shi ba. Da na sani, da ranar da ta dawo daga barkar nan na yage salatif ɗin na ja ta tsakiyar rana na ce, Inna, ga abin da muka yi. Minti biyu ne kawai, kuma ban ba ta ba.

Gwangwanin yana cikin durowata a gida. Wani lokaci da la'asar, in kewarta ta taso min, sai in fito da shi bakin taga in riƙe ta gefe, kada in ƙara goge wani wuri. In ƙirga layukan daga sama zuwa ƙasa. Biyar ne, magariba biyar da Inna ta shiga sito a hankali ta rufe min abina don kada wani abu ya same shi.